Lise Meitner (1878–1968) da Tsagewar Ƙwayar Zarra

An haifi Lise Meitner a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1878, ta kuma sami digirin digirgir a fannin fiziks a 1906. Da shekara ta zagayo sai ta koma Barlin, inda ta haɗu da masanin sinadarai Otto Hahn. A lokacin ba a barin mata su shiga ɗakunan gwajin cibiyar, don haka aka ba su wani tsohon ɗakin kafintoci. A nan suka soma nazarin sinadaran da ke rikiɗa da kansu suna fitar da tururin da ido ba ya gani, aikin da suka shafe shekara talatin suna yi tare.

Kasancewar asalinta Bayahudiya ce, ta tsere daga Jamus ta Hitler a Yulin 1938, ta zauna a Suwidin. A Disambar shekarar Hahn ya rubuto mata cikin ruɗani: sun harbi yuraniyam da nutiron, sai ga bariyam, sinadarin da nauyinsa bai fi rabin na yuraniyam da yawa ba. Ita da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, suka warware matsalar. Cibiyar ƙwayar zarrar ce ke miƙewa kamar ɗigon ruwa har ta rabu biyu, ɗan nauyin da ya ɓace kuwa ya zama makamashi, daidai da lissafin Einstein.

Hahn kaɗai aka ba kyautar Nobel ta 1944, hukuncin da ke da wuyar karewa. Ta ƙi shiga aikin ƙera bam na Amurka. Ta rasu a Kambirij ta Ingila, daga baya aka raɗa wa sinadari na 109 sunanta.