Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Lissafi

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi Bafillace ne, mutumin Katsina. Bayan ya yi karatu mai zurfi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, sai ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a birnin Alƙahira.

Ilmin hatimi ne ya fito da sunansa. Hatimi zane ne mai gidaje, inda ake zuba lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Alal misali, idan aka jera 1 zuwa 9 daidai cikin gidaje tara, ko'ina aka haɗa 15 za a samu. Har yau malamai suna zana hatimi cikin laya, kuma shi kansa bai raba lissafi da ilmin asirai ba. Amma a littafinsa na Larabci na shekarar 1732 ya shimfiɗa ƙa'idoji tsararru na gina hatimin da gidajen gefensa mara ne, wato uku, biyar, bakwai, har abin da ya yi sama.

Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya kuma bar masa littattafansa.