TARIHI: Agatha Christie, marubuciyar da ta san darajar mutanen bayan labule

A watan Afrilun 1958 an shirya gagarumar liyafa a otel ɗin Savoy da ke Landan, domin murnar wani wasan kwaikwayo mai suna The Mousetrap, wanda a lokacin ya zarce kowane wasa daɗewa a tarihin gidajen wasan Birtaniya. An roƙi marubuciyar wasan da ta iso da wuri saboda ɗaukar hoto. Ta zo ita kaɗai. Mai tsaron ƙofar zauren bai gane ta ba, sai ya shaida mata cewa ba a fara shiga ba tukuna. Kunya ta hana ta faɗin ko ita wace ce, ta juya ta yi ta zagaye a cikin otel ɗin, har sai da wata daga cikin ma'aikatan furodusan wasan ta gan ta, ta shigar da ita liyafar da aka shirya dominta.

Wannan mata ita ce Agatha Christie, wadda ta rubuta ƙagaggun littattafai 66 na binciken kisan kai, kuma aka kiyasta cewa an sayar da kwafin littattafanta sama da biliyan biyu. Duniya ta san ta da alƙalami. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun daga ƙuruciya har tsufa, ta fi sakewa a cikin mutanen da ke aiki ba a ganinsu: masu jinya na sa-kai, masu haɗa magani, masu wanke kayan tarihi, da masu jan labule a ƙananan gidajen wasa.

Ƙuruciya da tsoron dandamali

An haifi Agatha Mary Clarissa Miller ranar 15 ga Satumba, 1890, a garin Torquay na bakin teku, a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinta, Frederick Miller, Ba'amurke ne mai abin hannu, mahaifiyarta kuwa Clara. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. A gida aka yi mata mafi yawan karatun farko, kuma ita ta koya wa kanta karatu tun tana ƙarama. Tana shekara 11 mahaifinta ya rasu, a 1901, bayan dukiyarsa ta riga ta ja baya.

A Ingila ta wancan zamani, shirya wasan kwaikwayo a tsakanin maƙwabta da abokai al'ada ce. Agatha ta taso a ciki. Tana budurwa ta fito a matsayin Kanar Fairfax a wasan waƙe na The Yeomen of the Guard, wanda 'yan matan wani gida na ƙawayenta suka shirya. Daga baya aka kai ta Paris ta koyi kiɗan fiyano da waƙa, da burin ta mayar da su sana'a. Burin bai cika ba: idan ta zauna a gaban jama'a tsoro kan kama ta, muryarta kuma ba ta da ƙarfin da zai cika babban zaure. Ta haƙura da tsayawa a gaban labule, amma ba ta rabu da gidan wasa ba.

Sa'o'i 3,400 a asibiti

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kuma a jajibirin Kirsimetin shekarar ta auri Archibald Christie, hafsa a rundunar jiragen sama. Tun watan Oktoba ta riga ta shiga aikin jinya na sa-kai a asibitin da ƙungiyar Red Cross ta buɗe a zauren majalisar garin Torquay. Aikin ya haɗa da wanke-wanke, gyaran gado, da taya likitoci a ɗakin tiyata, ba tare da ko sisi ba. Takardar aikinta ta nuna ta yi sa'o'i 3,400. A 1917 ta ci jarrabawar mataimakan masu haɗa magani, aka fara biyanta fam 16 a shekara.

A ɗakin magani ta koyi abu biyu da suka bi ta har ƙarshen rayuwa. Na farko shi ne ilimin guba. Na biyu shi ne cewa kuskure ƙanƙani a wajen awo, daga hannun wanda babu mai lura da shi, yana iya zama ajalin mutum. A nan ta fara tsara littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, wanda ya fito a 1920 bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi shi. A cikinsa ne Hercule Poirot ya fara bayyana, tsohon ɗan sandan Beljiyam, wanda ta ƙago bayan ta ga 'yan gudun hijirar ƙasar da suka zauna a garinsu.

Shekarar baƙin ciki

A 1926 ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, littafin da ya ɗaga sunanta. A shekarar ce kuma mahaifiyarta ta rasu, mijinta ya nemi su rabu saboda wata mace. Ranar 3 ga Disamba ta fita daga gida da mota, washegari aka tsinci motar babu kowa a ciki. 'Yan sanda da dubban mutanen gari suka bazama nema a cikin dazuka da tafkuna. Bayan kwana 11 aka same ta a wani otel a garin Harrogate, ta yi rajista da wani suna. Likitoci suka ce mantuwa ce ta same ta. Jaridu suka yi mata ca, wasu suna zargin neman suna take yi. Tun daga nan ta ƙara nesanta kanta da 'yan jarida da taron jama'a.

An raba auren a 1928. Bayan shekara biyu ta auri Max Mallowan, masanin tonon kayan tarihi. Ta shafe shekaru tana bin sa Iraƙi da Siriya, kuma ba zaman matar maigida take yi ba. Ita ke ɗaukar hoton abin da aka tono, ta rubuta masa lamba, ta wanke sassaƙen hauren giwa na Nimrud da man shafawarta na fuska. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ta koma ɗakin magani a asibitin University College na Landan.

Yadda ta koma dandamali ta bayan fage

Wasu ne suka fara mayar da littattafanta wasan kwaikwayo. A 1928 aka nuna Alibi, inda Charles Laughton ya fito a matsayin Poirot, amma yadda aka sarrafa labarin bai yi mata daɗi ba. Sai ta ɗauki aikin da kanta. Black Coffee ya hau dandamali a 1930. Da tafiya ta yi nisa, ta gane cewa abin da ke ƙayatarwa a takarda ba lallai ya tsaya a dandamali ba. A wasan The Hollow na 1951 ta cire Poirot gaba ɗaya, don kada tauraro ɗaya ya danne sauran 'yan wasa. Wannan wasa ne farkon haɗuwarta da furodusa Peter Saunders.

Asalin The Mousetrap kuwa, wato tarkon ɓera, gajeren wasan rediyo ne mai suna Three Blind Mice, wanda BBC ta watsa ranar 30 ga Mayu, 1947, cikin shagalin cikar Sarauniya Mary shekara 80. Tushen labarin ba abin dariya ba ne. Ya samo asali daga mutuwar Dennis O'Neill, yaro ɗan shekara 12 da hukuma ta ba wasu manoma riƙo a yankin Shropshire, ya mutu a hannunsu a watan Janairun 1945 saboda duka da yunwa. Binciken da ya biyo baya ya bankaɗo sakacin jami'an da ya kamata su riƙa duba shi, kuma yana cikin abubuwan da suka haifar da dokar kare yara ta 1948. Tambayar da ke ƙarƙashin wasan ita ce: idan an cuci yaro, wa zai amsa laifin, wanda ya ɗaga hannu kaɗai, ko har da wanda ya sa hannu a takarda ya kau da kai?

An fara nuna wasan a Nottingham ranar 6 ga Oktoba, 1952, ya iso Landan ranar 25 ga Nuwamba, a gidan wasa na Ambassadors. Richard Attenborough da matarsa Sheila Sim ne suka ja gaba. Ita Agatha ta yi zaton wata takwas zai yi. A 1954 wasanninta uku ne ake nunawa a lokaci guda a manyan gidajen wasan Landan: wannan, da Witness for the Prosecution, da Spider's Web.

Waɗanda suka riƙe tarkon

Tsarin wasan mai sauƙi ne a ido. Mutum takwas ne, a falo ɗaya na wani gidan saukar baƙi da dusar ƙanƙara ta rufe wa hanya, kuma ɗaya daga cikinsu mai kisa ne. Amma irin wannan wasa ba ya yafe kuskure. A ƙarshen kashi na farko ana yin kisa a kan dandamali cikin duhu, rediyo na ƙara. In mai kula da fitila ya makara da ɗaƙiƙa ɗaya, 'yan kallo sun ga fuskar da bai kamata su gani ba, sauran wasan ya zama aikin banza. In mai jera kaya ya ajiye jarida ko safar hannu a inda ba nan ba ne wurinta, hujjar da mai bincike zai kafa daga baya ta rushe. In mai tufafi ya manta ya yayyafa wa baƙo farin ƙanƙara a kafaɗa kafin ya shigo, babu mai yarda cewa daga cikin sanyi ya fito. Marubuciya ta ɗana tarko, amma waɗannan ne ke hana shi tsinkewa kowane dare.

Tarihin wasan cike yake da irin waɗannan mutane. David Raven ya fito a matsayin Manjo Metcalf sau 4,575 tsakanin 1957 da 1968. Nancy Seabrooke ta yi shekara 15 tana zaman ko-ta-kwana, wato tana shirye ta maye gurbin mai fitowa a matsayin Misis Boyle in ta gaza zuwa. Ta halarci wasa 6,240 kafin ta yi ritaya a 1994, kuma mafi yawan dararen a ɗakin shiri ta ƙare su, ba wanda ya tafa mata. Muryar Deryck Guyler, wadda aka naɗa tana karanta labarai a rediyon cikin wasan, ta ci gaba da fita shekaru bayan rasuwarsa. Agogon da ke falon yana nan tun daren farko.

A watan Maris na 1974 wasan ya koma gidan St Martin's da ke maƙwabtaka ba tare da an fasa ko dare ɗaya ba. Annobar korona ce kaɗai ta tsayar da shi, daga Maris 2020 zuwa Mayu 2021. A watan Maris na 2025 aka yi nuni na 30,000. Ita kuwa marubuciyar ba ta ci ribarsa ba, domin tun farko ta ba jikanta Mathew Prichard haƙƙin mallakar wasan a matsayin kyautar cikarsa shekara tara.

Shugabar 'yan wasan ƙauye

Daga 1934 Agatha da mijinta suna da gida a Winterbrook, a gefen ƙaramin garin Wallingford da ke bakin kogin Thames. Mutanen garin da sunan Misis Mallowan suka san ta. Mace ce mai gudun muƙami. Ko da ta karɓi shugabancin ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Detection Club a 1957, sai da ta kafa sharaɗin cewa ba za a sa ta jawabi ba. Amma a 1951, tun kafin The Mousetrap ya fito, ta amince ta zama shugabar Sinodun Players, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mutanen garin, waɗanda ke zuwa gwaji bayan sun tashi daga wuraren aikinsu, su ɗinka tufafin wasa, su sassaƙa katakon dandamali, su sayar da tikiti, ba mai biyan kowa. Ta riƙe wannan kujera shekara 25, tana zuwa kallon wasanninsu kamar kowa.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka fi kowa raya wasanninta. Wasa mai ɗaki ɗaya, mai 'yan wasa takwas ko goma waɗanda kowannensu ke da abin faɗa da abin ɓoyewa, ya dace da zauren makaranta ko na unguwa, inda kuɗi kaɗan ne amma hannuwa da yawa. Shi ya sa har yau, a Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya, da wuya shekara ta wuce ba a sami malamai da ma'aikatan ofis da 'yan fansho suna haddace layukanta da daddare ba.

A 1971 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba ta lambar girma ta Dame. Ta rasu a gidanta na Winterbrook ranar 12 ga Janairu, 1976, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar majami'ar St Mary da ke ƙauyen Cholsey. A daren rasuwarta gidajen wasa biyu na Landan da ke nuna ayyukanta suka rage hasken fitilunsu na waje.

Shekara guda kafin nan, ƙungiyar Sinodun Players ta sayi tsohon ginin kasuwar hatsi na Wallingford, wanda ya daɗe da lalacewa. Mambobinta da masu sa-kai suka gyara shi da hannunsu, aka buɗe shi a matsayin gidan wasa a 1978. Shugabarsu ba ta ga ranar ba. A Landan kuwa al'adar da aka faro tun tana raye ba ta canza ba: idan an gama wasa, ɗaya daga cikin 'yan wasan kan matso gaba ya roƙi 'yan kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan. Sama da shekara 70 ke nan miliyoyin mutane suna fita daga zauren da wannan amana, kuma akasarinsu sun riƙe ta.