Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da adonsa ke riƙe da rufi

A shekarar 1824, matafiyi Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya tarar da wani magini Bazazzagi yana gina masallaci a birnin Sakkwato bisa ɗaukar nauyin Waziri Giɗaɗo. Maginin ya shaida masa cewa mahaifinsa ya zauna a Masar, kuma ya bar masa gadon takardun gini. Wasu masana tarihi na ganin wannan mutumin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani Malam Mika'ilu.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Da tubalin ƙasa da azarar giginya ya ɗaga bakan gizo masu ɗauke da tulluwar rufi. Kaurin bangon yana tare zafin rana. Layukan da ke ƙawata rufin daga ciki kuwa su ne haƙarƙarin da ke riƙe da nauyinsa.

Bayan shekaru da dama, masana gini na Yammacin duniya suka rabu biyu a kan wannan batu. A 1896, Ba'amurke Louis Sullivan ya kafa hujjar cewa amfanin gini ne ya kamata ya yanke siffarsa, daga bisani wasu a Turai suka tsige ado baki ɗaya. A 1966, Robert Venturi ya ƙalubalance su da cewa irin wannan sauƙaƙawa tana raba gini da ma'ana da tarihi. Durugu ya riga ya haɗa biyun a bango ɗaya.

Labarin baka ya nuna cewa wani sarkin Birnin Gwari ne ya sa aka kashe shi bayan ya gina masa masallaci, don kada ya yi wa wani irinsa. A shekarun 1970 aka kewaye masallacinsa na Zariya da sabon ginin siminti.

Yau a Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ana kashe kuɗin jama'a wajen gina azuzuwa da ofisoshin bulo da kwano, waɗanda zama a cikinsu kan gagara da zarar an ɗauke wuta. Masu ba da kwangilar nan suna da abin koyo daga maginin da ya sanyaya ɗaki da ƙasa da giginya.