Robert Gerwig

Robert Gerwig (2 ga Mayu, 1820 – 6 ga Disamba, 1885) injiniya ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da tsara layin dogon da ya ratsa tsaunukan Schwarzwald, wato Baƙin Daji, a kudu maso yammacin Jamus.

Farkon rayuwa

An haife shi a Karlsruhe, babban birnin ƙasar Baden, kuma a nan ya karanci injiniyanci. Ya fara da aikin hanyoyi da gadoji. Daga 1850 zuwa 1857 ya shugabanci makarantar koyon ƙera agogo ta Furtwangen, inda ya soma tara tsofaffin agogunan yankin. Tarin nan ne asalin gidan tarihin agogo da ke garin a yau.

Layin Baƙin Daji

Gwamnatin Baden ta so haɗa Offenburg da Singen. Hanya mafi sauƙi ta biyo ta Schramberg ne, amma garin na ƙasar Württemberg ne, Baden kuwa ba ta yarda jirginta ya bi ta ƙasar maƙwabciya ba. Sai ya zama dole a haura tsaunin.

Matsalar ita ce, ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, idan hawa ya yi tsanani sai ta riƙa zamewa. Tsakanin Hornberg da Sommerau kuwa akwai hawan kusan mita 450 a ɗan gajeren zango. Dabarar Gerwig ita ce ya tsawaita hanyar da gangan. A kewayen Triberg layin yana yin kwana ya koma baya, ya sake juyowa, yana hawa sannu a hankali, ta yadda hawan bai wuce mita 1 a kowace mita 50 ba. Fasinja kan hango dogon da ya baro can ƙasa da shi. Gerwig ya gwammace huda dutse a kan gina manyan gadoji, shi ya sa layin, mai tsawon kilomita 149, yake da ramuka 39. Mafi tsawonsu na Sommerau ne, kusan mita 1,700. An buɗe layin gaba ɗaya a 1873, kuma har yau jirage na bin sa.

Gotthard da ƙarshen rayuwa

A 1872 aka naɗa shi babban injiniyan layin Gotthard a Suwizalan. Ya bar aikin a 1875 bayan saɓani da kamfanin, amma kwanonin da ke Wassen sun bi irin dabararsa. Ya kuma zauna a majalisar dokokin Jamus.

Aikinsa na ƙarshe shi ne layin Höllental daga Freiburg zuwa Neustadt, inda hawan ya yi tsananin da sai da aka sa dogo mai haƙora. Ya rasu a Karlsruhe kafin a buɗe layin a 1887.