Muhammadu Korau: Sarkin da bai bar hoto ba, amma ya bar birni

Bayan hawan sallah, yara a ƙauyukan Katsina irin su Rawayau da ke yankin Kurfi kan kwaɓa laka su gina sarki bisa doki. A Turai ma ana ƙera 'yan mutum-mutumin wasa na tsofaffin sarakuna irin su Maximilian na Ɗaya, wanda ya rasu a 1519, domin masu zane sun adana kamanninsa. Muhammadu Korau, da ya yi zamani kusa da nasa, bai bar hoto ba. Sai dai har yau sunansa fadar Katsina ke amsawa.

Tarihin baka ya nuna Korau malami ne daga 'Yandoto, garin malamai da ke jihar Zamfara a yanzu. Ya tarar da Sanau, sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, wanda ake cewa ba a kayar da shi a kokawa saboda wata laya. Matar sarkin ce ta tona asirin, Korau ya kayar da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan mai suna Gajere, da ake dangantawa da wannan rana, yana cikin kayan sarautar Katsina.

Masana tarihi irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman sun sanya mulkinsa a rabi na biyu na ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Korau ake ɗauka a matsayin Musulmi na farko da ya sarauci Katsina.

Babban aikinsa shi ne tsayar da mulki a birni ɗaya. Birnin Katsina ya zama matattarar fatake da malamai, Wangarawa daga yamma da ayarin raƙuma daga Agadas. Da zamaninsa ake danganta masallacin Gobarau, wanda hasumiyarsa ke tsaye har yanzu, da zuwan Shehu Al-Maghili ƙasar Hausa wajen 1493.

Gidan sarautar da ya kafa ya riƙe Katsina sama da shekara 300, har jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi mulki, tsofaffin sarakunan suka koma Maraɗi. A 1906 sarauta ta sake komawa hannun Muhammadu Dikko. Duk da haka fadar ba ta sauya suna daga Gidan Korau ba, kuma Magajin Korau ake kiran mai riƙe da ita.

Yaron da ya gina sarkin laka zai iya ba shi fuskar da ya ga dama. Abin da ya rage ga iyaye da malamai shi ne su sanar da shi sunan, da labarin da ke bayansa.