Marie Curie: Matar da ta gano radiyam, ta kuma ɓoye wa duniya ciwon idonta

A watan Yulin 1923 aka kwantar da wata mata a wani asibiti a birnin Paris domin a cire mata yanar ido. Madam Carré aka rubuta a takardarta, amma sunan aro ne. Majiyyaciyar ita ce Marie Curie, wadda ta riga ta karɓi lambar yabo ta Nobel har sau biyu, kuma ba ta so abokan aiki ko 'yan jarida su san cewa ganinta yana dusashewa.

An haife ta ranar 7 ga Nuwamba, 1867 a Warsaw, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Rasha, aka raɗa mata suna Maria Skłodowska. Mahaifinta malamin lissafi da fiziks ne. Mahaifiyarta kuwa tarin fuka ya kashe ta Maria tana shekara 10. Jami'ar garin ba ta ɗaukar mata, don haka ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali, tana aika wa yayarta Bronisława kuɗin karatun likita a Paris. Sai a 1891 nata lokacin ya zo. Ta shiga jami'ar Sorbonne, ta zo ta ɗaya a fiziks a 1893, ta auri masanin kimiyya Pierre Curie a 1895.

A 1896 Henri Becquerel ya lura cewa yuraniyam yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa takarda, wanda yau ake kira radiyeshon. Marie ta auna ƙarfinsa, ta ga bai dogara da komai ba sai yawan yuraniyam ɗin, alamar cewa daga cikin ƙwayar zarra yake fitowa. Ta kuma lura cewa dutsen da ake samun yuraniyam a cikinsa ya fi yuraniyam ɗin kansa ƙarfi. Ke nan akwai wani abu a ɓoye. A 1898 ita da mijinta suka sanar da gano sinadarai biyu: poloniyam, wanda ta sa wa sunan ƙasarta Poland, da kuma radiyam.

Tace radiyam aikin ƙarfi ne. A wata tsohuwar rumfa mai yoyo ta yi shekara huɗu tana dafa tan-tan na ragowar ma'adinin da aka kawo daga Bohemiya, tana juya shi da sandar ƙarfe, tana shaƙar hayaƙinsa. Abin da ta samu a 1902 kashi ɗaya ne cikin goma na giram. Shekara guda bayan haka ita da Pierre da Becquerel suka raba lambar Nobel ta fiziks.

Fata ce ta fara ba da shaida. A 1901 Becquerel ya ƙone a jiki bayan ya ɗauki 'yar kwalbar radiyam a aljihu. Pierre kuwa da gangan ya ɗaura sinadarin a hannunsa na tsawon awa 10, wurin ya zama gyambo, ya yi makonni bai warke ba. Yatsun Marie sun yi kanta, sun tsattsage, haka kuma suka kasance har ƙarshen ranta. Sai dai abin da ma'auratan suka karanta a wannan ƙuna albishir ne: abin da ke kashe lafiyayyen nama zai iya kashe na cutar daji. Sun yi gaskiya, daga nan aka fara maganin sankara da radiyam. Amma amfanin ya rufe musu ido daga ɗaya rabin darasin.

Ranar 19 ga Afrilu, 1906 keken doki ya take Pierre a wani titi na Paris, ya mutu nan take. Marie ta gaji kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sorbonne, a 1911 kuma ta karɓi Nobel ta biyu, a fannin kemistiri. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ta haɗa motoci kusan 20 masu na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ita da 'yarta Irène suna bin asibitocin bakin daga suna nemo harsasai a jikin sojoji, kusan ba tare da wata kariya ba.

Sinadaran da ta gano su ne suka buɗe ƙofar binciken cikin zarra. Da ɓarɓashin alfa, irin wanda radiyam da danginsa ke harbawa, aka yi gwajin da ya kai Ernest Rutherford ga gano cibiyar zarra a 1911. Da poloniyam James Chadwick ya gano ɓarɓashin niyutron a 1932.

Wajen 1920 ta fara ganin hazo-hazo, kunnuwanta kuma suna ƙugi. Shekarunta 53 a lokacin. Yanar ido abokiyar tsufa ce, tana kama miliyoyin mutanen da ba su taɓa kusantar radiyam ba, shi ya sa ba a iya rantsewa kan musabbabin tata. Amma yau an san cewa madubin da ke cikin ido yana cikin sassan jiki mafi rauni a gaban radiyeshon: ba ya zubar da tsofaffin ƙwayoyinsa, duk wadda ta lalace tana nan a ciki, ɓarnar tana taruwa har ya yi duhu. A wasiƙar da ta aika wa Bronisława a wannan shekarar ta ambaci cewa watakila radiyam na da hannu, ta kuma roƙi a rufe zancen. Sau huɗu aka yi mata tiyata tsakanin 1923 da 1930. Tana rubuta darasinta da manyan haruffa, ɗalibanta kuma suna yi kamar ba su gane ba.

A nan ne tarihi yake da ɗan ƙorafi a kanta. A shekarun 1920 aka ga 'yan matan da ke shafa fentin radiyam a fuskar agogo a Amurka suna lasar bakin burushi don su daidaita tsininsa, muƙamuƙansu suna ruɓewa, suna mutuwa. A Faransa ma wasu masana da suka yi aiki da irin waɗannan sinadarai sun mutu da cutar jini. Marie ta sa a riƙa gwada jinin ma'aikatanta, ta umarce su da amfani da garkuwar dalma da hantsaki, amma ita kanta ba ta cika bin ƙa'idar ba, kuma ta daɗe tana ganin hutu da iska mai kyau sun isa magani. Sai a 1928 aka kafa kwamitin duniya na farko kan kariya daga radiyeshon, a birnin Stockholm.

Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1934 a asibitin Sancellemoz da ke tsaunukan gabashin Faransa, tana da shekara 66, bayan ɓargonta ya daina samar da jini. Irène, wadda ita ma ta ci Nobel a 1935, sankarar jini ce ta kashe ta a 1956.

A 1995 aka mayar da gawar Marie hubbaren Panthéon, makwancin manyan 'yan Faransa. Masu awo sun tarar radiyam ɗin da ke jikinta bai kai yadda aka zata ba, abin da ya sa wasu masana suka karkata ga cewa na'urorin hoton ƙashi na zamanin yaƙi ne suka fi yi mata illa. Littattafan da ta riƙa rubuta gwaje-gwajenta kuwa suna Ɗakin Karatu na Ƙasa a Paris, cikin akwatuna masu rufin dalma. Radiyam ɗin da ya manne a shafukansu sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.