Shehu Ahmad Baba Na Tambutu

An haifi Shehu Ahmad Baba a shekarar 1556, ya tashi a gidan malamai na Tambutu. Bayan da rundunar Maroko ta ci daular Songhai, aka tasa ƙeyarsa zuwa Marrakesh cikin mari a 1594, aka wawashe littattafansa. Sai a 1608 ya komo gida.

Da mutanen Tuwat suka aiko da tambaya kan bayi, ya amsa musu a 1615 da littafinsa Mi'irajus Su'udi. Ya tabbatar cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, kuma mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne masu 'yanci, haramun ne a mallake su.

Ya rasu a 1627. Da sunansa ake kiran cibiyar adana tsofaffin littattafai ta Tambutu. Allah ya jiƙansa, amin.